Yadda zaka yi amfani da bimfomin ka gano ainihin inda kaya suke a cikin gini

Duk wanda ya taɓa buɗe Google Maps a cikin babban gini yasan abinda ɗigon shuɗin nan yake yi, kana tsaye waje ɗaya shi kuma yana ta yawo, yanzu ya kaika bakin titi anjima ya jefa ka gidan maƙwabta. Ba laifin wayar bane. Taurarin GPS suna can sama da kilomita 20,000, kafin siginarsu ta iso ƙasa ta riga ta galabaita, rufin kankare ko na kwano kuma ya ƙarasa ta. Toh in kana so ka san takamaimai inda keken marasa lafiya yake a asibiti, ko a wane layi aka ajiye wasu katan a babban sito, dole ka kafa naka tsarin a cikin ginin, kuma anan ne mutane suke zubar da kuɗi ba gaira ba dalili.

Abinda aka fi yi shine a manna ƴan bikon, wato ƙananan na'urori masu aika siginar Bluetooth, a bango, ko ayi amfani da Wi-Fi ɗin dake wurin, sai a dinga auna ƙarfin sigina, wanda zaka ga ana rubutawa RSSI, in yayi ƙarfi ace kana kusa in yayi rauni ace kayi nisa. Dabarar ta kwana biyu, tun shekarar 2000 masu bincike na Microsoft suka fito da wani tsari mai suna RADAR a kanta, kuskurensa mita 2 zuwa 3, kuma har yau in ka bi wannan hanyar kusan abinda zaka samu kenan, wani lokacin ma yafi haka muni. Ƙarfin sigina baya da amana a cikin ɗaki. Mutum ya gifta tsakaninka da bikon ya faɗi, saboda jikin ɗan Adam ruwa ne kuma ruwa na shanye 2.4 GHz, ka juya wayar ya canza, a buɗe ƙofar ƙarfe ya sake canzawa. Mita uku a sito kuwa ai layi biyu ne na kantocin ajiye kaya, kaga an bar ka da nema da ƙafa kenan.

Da bimfomin (beamforming), wato haɗa eriyoyi da yawa su saurari gefe ɗaya, abinda ake nema shine ta wane ɓangare siginar ta fito. Haka kunnuwanka biyu suke aiki, in an kira ka daga dama muryar tana riga isa kunnen dama da ɗan ƙanƙanin lokaci, ƙwaƙwalwa ta lissafa ka waiwaya daidai wajen. Anan eriyoyi ne ake jerawa kusa da juna. A 2.4 GHz tsawon zangon sigina kusan santimita 12.5 ne, kuma zango ɗaya cikakke ana lissafa shi digiri 360 na fes, wato matsayin da igiyar take a hawa da saukarta. Ka ajiye eriya biyu da tazarar rabin zango, santimita 6.25. In siginar ta taho daga gaba sak, tare zata same su, bambancin fes sifili. In ta taho a karkace da digiri 30, sai ta ƙara tafiyar kusan santimita 3 kafin ta isa eriya ta biyu, kwata na zango kenan, digiri 90. Lissafin gaba ɗaya shine bambancin fes daidai yake da 180 sau sin na kusurwar (sin ɗin da ke kan kalkuleta). Ka auna fes, ka juya lissafin, kusurwa ta fito. In kuma ka jujjuya fes ɗin kowace eriya da gangan kafin ka haɗa su, sai jerin eriyoyin ya koma yana sauraren gefe ɗaya kawai yana toshe sauran, ba tare da ka motsa komai da hannu ba. Bimfomin ɗin kenan. Wajen turawa ma haka ne, a juye kawai.

Wani abu dai kafin ka je kasuwa. Rauta ɗin da aka rubuta wa bimfomin a kwali ba zata nuna maka inda kowa yake ba. Tun ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11ac ta 2013 rautoci suke karkata sigina wajen waya, amma don intanet ya ƙara gudu suke yi, ba sa fito maka da kusurwar ka gani. Haka kuma waya ko na'urar da aka rubuta wa Bluetooth 5.1 ba dole bane tana gano ɓangare, saboda wannan sashen na zaɓi ne a ƙa'idar Bluetooth ɗin, kamfanoni da yawa basu saka shi ba.

Ni dai shawarata ga wanda zai fara, ya fara da Bluetooth ɗin, yafi araha kuma an riga an share hanya. A watan Janairun 2019 aka fitar da Bluetooth 5.1 da hanyoyi biyu. Akwai AoA, inda ɗan ƙaramin tag mai eriya ɗaya da ake maƙala wa kaya yake turawa, loketa mai eriyoyi da yawa a silin yana karɓa yana lissafa kusurwa. Akwai kuma AoD wanda shi akasin haka ne, mai eriyoyi da yawan ne ke turawa. Don bin sawun kaya AoA ake so, saboda tag ɗin baya wani lissafi, batir ɗin CR2032 ya ishe shi, duk nauyin yana kan loketa dake da wuta. Kayan da zaka nema: u-blox suna da kit da suke kira XPLR-AOA da kuma allon ANT-B10 mai eriya 8 wanda shi da kansa yake fito maka da kusurwa, Silicon Labs suna da allo mai eriya huɗu sau huɗu da cip ɗin BG22, Nordic kuma nRF52833 da nRF5340 duk suna iyawa in kana son ka rubuta naka kod ɗin. In kuɗi ba matsala bane kuma ba ka son wahala akwai Quuppa na ƙasar Finland, mutanen da suka fito daga sashen binciken Nokia a 2012, tun kafin ƙa'idar ta fito suke wannan harkar. Masu sha'awar SDR, wato rediyon da ake sarrafawa da manhaja, kuma ku lura, KrakenSDR yana da kyau don koyon gano ɓangare amma iyakarsa 1766 MHz, baya kaiwa inda Bluetooth da Wi-Fi suke.

In ka riƙe allon a hannu zaka ga ƴan murabba'ai na tagulla a jere a fuskarsa, kowane ɗaya eriya ne, a baya kuma akwai ƙananan suwic da layuka siri-siri da suka lanƙwasa kamar an yi wasa dasu. Ba ado bane, an lanƙwasa su ne don tsawon kowane layi daga eriya zuwa cip ya zo daidai da na ɗan'uwansa. Shiyasa bana ba sabon shiga shawarar ya haɗa nasa jerin da eriyoyin rauta da kebul. Santimita ɗaya na ƙarin kebul kusan digiri 40 ne na fes, wanda zai karkatar da kusurwarka da kusan digiri 13, a nisan mita 10 kuma ka kauce da sama da mita biyu kenan, akan santimita ɗaya tal. In ka dage sai ka haɗa, toh tazarar eriyoyin kada ta wuce santimita 6, saboda a saman tashoshin Bluetooth, 2480 MHz, rabin zango santimita 6 ne da ɗan ɗoriya, in ka wuce haka kusurwa biyu daban zasu baka fes iri ɗaya ka rasa wacce ce ta gaskiya. Kuma eriyoyin da aka jera a layi ɗaya basa bambance gaba da baya, sai dai ka jingina su da bango ko kayi jeri mai faɗi.

Yanzu maganar inda za'a kafa loketa, wanda a ganina yafi duk wani algoridim muhimmanci, kuma shine wanda ake yi wa riƙon sakainar kashi. Ka riƙe wannan lissafin a kai: kuskuren digiri 1 a nisan mita 10 santimita 17 ne, digiri 5 kuma kusan santimita 87. Wato kuskuren yana girma ne da nisa. A silin abin yafi haka tsanani. Ace loketa yana mita 3 sama da tag. In tag ɗin yana digiri 45 daga ƙasan loketa, mita 3 kenan a ƙasa, kuskuren digiri 5 zai kauce da kai kusan santimita 60. In tag ɗin ya matsa zuwa digiri 70, wajen mita 8 da wani abu, wannan digiri 5 ɗin dai ya zama kusan mita 3. Saboda haka kowane loketa yana da da'irar da yake da gaskiya a ƙarƙashinsa, faɗinta daga tsakiya bai fi tsayin silin ɗin ba ko ya ɗara kaɗan, bayan nan ji yake yi kawai amma kada ka dogara da shi. Silin mai tsayi alheri ne anan, shiyasa abin yafi daɗi a sito akan ofis mai gajeren silin.

Ka zana taswirar wurin a takarda, ka zazzana da'irorin nan ka tabbatar duk inda tag zai je aƙalla loketa biyu suna ganinsa ido da ido, uku yafi. Loketa ɗaya ma yana iya bada wuri in har ka san tsayin tag ɗin daga ƙasa kuma baya canzawa, misali an ɗaure shi a saman keke, amma da zarar an ɗaga kayan an ɗora a kan kantar ajiya lissafin ya rushe. Sannan layukan da suke fitowa daga loketa biyu su haɗu a gicciye, kusa da digiri 90. In tag ya faɗo daidai kan layin dake tsakanin loketa biyun, dukkansu layi ɗaya suke nunawa, ba mahaɗa, amsar sai ta dinga zamewa gaba da baya. Wannan yana yawan faruwa a dogon koridon asibiti in an jera su a tsakiya ɗoɗar, gara ka dinga sa ɗaya ta hagu ɗaya ta dama.

Ka nisanta da ƙarfe. Kada ka kafa loketa gab da fankar silin, ko bututun iska na AC, ko ƙarfen da ya riƙe rufi, ko taga mai ƙarfen tsaro. Fanka ma tafi ban haushi tunda juyawa take, kusurwar sai ta dinga rawa da ita. Ginin dake da rufin kwano ba silin kuma ka sauko da loketa ƙasa da sanda ya bar jikin kwanon, ga dawowar sigina ga zafi. Wuta kuwa ka ja kebul ɗin netwok mai PoE, ya kai wuta da data lokaci ɗaya, iyakarsa mita 100 daga suwic ɗin netwok, sai ka ɗora suwic ɗin kan inbata ko sola don kada a ɗauke wuta tsarin ya makance.

In an ɗaura, sai awo, kuma don Allah kada ka bar wa mai jan waya wannan aikin shi kaɗai. Ka zaɓi kusurwa ɗaya ta ginin ta zama sifili, ka auna wurin kowane loketa daga nan da leza ko tef, tsawo da faɗi da tsayi, zuwa tsakiyar allon eriyar ba gefen kwalinsa ba. Ka ɗora ma'aunin lebur irin na magina mai ɗigon ruwa ka tabbatar bai karkata ba. Sannan ka san ina fuskarsa take kallo, kowane allo yana da alamar da ke nuna inda sifilinsa yake. Loketa da ya juya da digiri 3 kacal zai dinga kaucewa da rabin mita a nisan mita 10, kullum, kuma ba filtar da zata gyara wannan tunda ba hayaniya bace, karkata ce. Hanya mafi sauƙi ta kama shi itace ka saki igiya mai nauyi daga tsakiyar loketa zuwa ƙasa kayi alama, ka ajiye tag akan alamar, ya kamata ya nuna maka ƙasa sak. Daga nan ka ajiye tag ɗin a wurare huɗu ko biyar da ka auna a zagaye dashi, ka kwatanta kusurwar da ya bada da wacce lissafi ya bada, in duk sun kauce gefe ɗaya da adadi ɗaya toh juyawa ce, ka shigar da gyaran a manhaja ba sai ka sake hawa tsani ba.

Wanda ya sayi allon dake fito da kusurwa da kansa zai iya tsallake abinda ke tafe, amma gara ya karanta don ya san abinda ke faruwa a ciki ranar da abu ya ƙi. Tag ɗin yana maƙala wani sauti miƙaƙƙe a wutsiyar kowane fakiti, wato guntun saƙon da yake turawa, sunansa CTE, tsawonsa maikirosakan 16 zuwa 160. Loketa rediyo ɗaya gare shi, ba wai yana sauraren duk eriyoyin lokaci ɗaya bane, tsalle yake daga wannan zuwa waccan da sauri. Maikirosakan 4 na farko na shiri ne, 8 na gaba yana kan eriya ta farko yana ɗaukar samfur takwas, sannan ya fara canji da ɗauka, canji da ɗauka, kowanne maikirosakan 1 ko 2. In ka zaɓi 2 da CTE mafi tsawo zaka samu samfur 37 bayan takwas ɗin farko, in 1 ne 74. Ka fara da 2, suwic ɗin yana samun lokacin nutsuwa. Kowane samfur lambobi biyu ne, I da Q, daga su ake fitar da fes.

Ga tarkon da yake kama kusan kowa. Sautin CTE yana zaune ne 250 kHz sama da tsakiyar tasha, ma'ana ko ba'a canza eriya ba fes ɗin yana juyawa digiri 90 duk maikirosakan ɗaya. Kuma agogon tag da na loketa basu taɓa zama daidai ba, ƙa'idar ta yarda a kauce har 150 kHz, toh ko 50 kHz ne kawai ƙarin digiri 18 ne a kowane maikirosakan. In ka ɗauki fes ɗin eriya ta biyar ka cire na ta farko kai tsaye, abinda ka auna mafi yawansa wucewar lokaci ne ba kusurwa ba. Amfanin samfur takwas ɗin farko kenan, dasu zaka gane saurin juyawar ka cire shi daga kowane samfur gwargwadon lokacin da aka ɗauke shi. Kuma ka tsara tsallen yadda zai dinga komawa eriya ta farko lokaci-lokaci, saboda takwas ɗin sun yi gajarta, ɗan kuskure a cikinsu yana taruwa kafin a kai ƙarshen CTE. Sannan ka tuna kowace tasha da tsawon zangonta, na 2402 MHz ba ɗaya bane da na 2480, ka saka na tashar da fakitin ya zo a kai.

Da ka samu fes mai tsabta sai ka share sararin. Ka ɗauki kusurwa ɗaya, ka lissafa fes ɗin da kowace eriya zata gani in daga can siginar take, ka warware shi, ka tara, ka rubuta ƙarfin. Ka matsa digiri ɗaya ka sake. Inda jimlar tafi tsayi can ne. Sunan wannan hanyar Bartlett, layuka kaɗan ne a Python da NumPy, kuma ita ya kamata ka fara da ita ka zana hoton ka gani da idonka. Rauninta rashin kaifi, faɗin bim ɗin, wato yankin da jerin ke sauraro, kusan digiri 102 ne a raba da yawan eriya a layi, huɗu su baka wajen digiri 25, takwas wajen 13, duk sigina biyu da suka fi haka kusa sai su cure su zama tudu ɗaya a tsakiyarsu. Hanyar Capon ta 1969 tafi ta kaifi, MUSIC na Ralph Schmidt kuma yafi su duka, amma yana da sharuɗɗa. Eriya huɗu hanya uku kawai zasu iya rabawa, kuma in siginonin kwafin juna ne, kamar yadda dawowa daga bango take, sai ya rikice, sai an raba jerin zuwa ƙananan rukunoni masu hawa kan juna an haɗa matsakaicinsu tukuna, wanda kuma yana rage maka yawan eriyar da kake amfana da ita. Ba'a samun komai kyauta a harkar nan.

Wannan ya kawo mu ga babbar matsalar cikin gini, amsa-kuwwa. Siginar tag tana zuwa kai tsaye, tana kuma dukan ƙasa da bango da kantar ƙarfe ta iso ta wasu ɓangarorin. Kuskuren da ake yi shine a ɗauka tudun da yafi tsayi shine na gaskiya. In ma'aikaci ya rataya tag a ƙirji ya juya wa loketa baya, jikinsa ya danne hanyar kai tsaye, wacce ta daki kantar gabansa ta dawo ita zata fi ƙarfi, loketa kuma ya rantse mutumin yana cikin kantar. Masu bincike sun daɗe da lura cewa hanyar kai tsaye tana da nutsuwa. A 2013 Jie Xiong da Kyle Jamieson a University College London suka yi ArrayTrack da Wi-Fi mai eriyoyi da yawa, suka ga in na'ura ta ɗan motsa tudun amsa-kuwwa yana canza wuri ko ya ɓace amma na kai tsaye yana nan, da wannan suka kai kuskuren tsakiya santimita 23. A 2015 kuma ƴan jami'ar Stanford suka yi SpotFi da katin Intel 5300 mai eriya uku kacal, suka haɗa kusurwa da lokacin isowa, tunda hanyar kai tsaye ita ce mafi gajarta ita ke riga isowa, suka samu santimita 40.

A Bluetooth ba ka da faɗin da zaka raba su da lokaci, tashar 2 MHz ce kawai, amma kana da tashoshi da yawa, kuma yadda amsa-kuwwa take haɗuwa da siginar asali yana canzawa daga tasha zuwa tasha. Toh kada ka yanke hukunci da fakiti ɗaya. Ka tara na tashoshi daban-daban a ɗan taƙaitaccen lokaci, ka jera kusurwoyin ka ɗauki ta tsakiya, kada ka ɗauki matsakaici don guda ɗaya mahaukaciya zata ja sauran. Ka zubar da duk fakitin da samfur takwas ɗinsa na farko basu hau layi ɗaya ba, alamar Wi-Fi ko makirowef ya shiga ciki ne. Ka kuma duba tashoshin da suke yawan baka shirme, galibi waɗanda suka faɗa ƙarƙashin tashar Wi-Fi ɗin wurin ne, ta 1 ko 6 ko 11, ka cire su ko ka mayar da Wi-Fi ɗin 5 GHz. RSSI ɗin da muka zaga ɗazu ma yana da ɗan amfani anan, in loketa na nesa da wanda ke kusa sun saɓa, ka ba na kusa nauyi. Mafi arha a duk maganin dai shine wurin da ka maƙala tag ɗin, a saman kaya, a kan hula ko kafaɗa, inda yake kallon silin, kuma kada ya kwanta a jikin ƙarfe kai tsaye, ka sa ɗan roba a tsakani.

Haɗa kusurwoyin ya zama wuri ba wuya. Kowane loketa ya turo nasa ta MQTT, hanyar aika ƙananan saƙonni tsakanin na'urori, zuwa kwamfuta ɗaya, Raspberry Pi ma ta isa ga ƙaramin wuri. Layukan ba zasu taɓa haɗuwa a ɗigo ɗaya ba, sai ka nemi ɗigon da yafi kusa da dukkansu. In kana da uku ko huɗu kuma ɗaya ya bauɗe shi kaɗai ka yar dashi a wannan zagayen. A ƙarshe ka sa filtar Kalman ta lallashi motsin, amma kada ka cika mata hannu, in ka matsa sai ɗigon ya dinga biyo mutum a baya da sakan biyu uku. Ka gaya wa manhajar inda bango da kantoci suke don kada ta ajiye keke a cikin bango. In tag ɗin yana da na'urar jin motsi ka sa shi ya rage turawa in yana zaune ya ƙara in an ɗauke shi, batir zai daɗe, ɗigon kuma zai daina rawa alhali kaya na ajiye.

In santimita 10 zuwa 30 kake nema dole, gaskiya ka duba UWB, wani nau'in rediyo ne daban mai faffaɗar tasha. Faɗinsa 500 MHz ne, yana raba hanyoyin da bambancinsu bai fi santimita 60 ba, alhali Wi-Fi mai 20 MHz sai sun kai mita 15, mai 80 MHz kusan mita 4. Shine a cikin yawancin iPhone daga 11 zuwa sama da AirTag, kuma in an haɗa nisan da yake aunawa da kusurwa loketa ɗaya ma yana bada wuri, sai dai tsada. Android tun 9 yana da Wi-Fi RTT mai auna nisa da kuskuren mita 1 zuwa 2 in rautar ta yarda, Bluetooth 6.0 na 2024 shima ya kawo nasa awon nisan, wanda in aka gama shi da AoA zai rufe raunin gefen da'irar loketa ɗin nan. 5G kuma tun Release 16 na 2020 aka saka gano wuri da bim a ƙa'idarsa, amma wannan a hannun kamfanonin layi yake, ba abinda zaka kafa da kanka ranar Asabar bane.

Gwaji kuma kada kayi shi ranar da sito yake wayam. Ka manna tef a ƙasa a wurare ashirin ko talatin da ka auna, har da lungu da bakin ƙofa da tsakanin kantoci, ka gwada lokacin da kaya suke cike mutane na kai da kawo, tag a tsaye da kwance, a jikin mutum yana fuskantar kowane ɓangare. Ka jera kurakuran daga ƙarami zuwa babba ka duba na tsakiya, sannan ka duba wanda kashi 90 cikin 100 suke ƙasa dashi, wannan na biyun shine wanda mai sito zai ji a jikinsa, kuma duk mai talla da ya ce maka santimita kaza ka tambaye shi wanne daga ciki yake nufi. In mutane zaka sa wa tag ba kaya ba, ka sanar dasu su amince, a Najeriya dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta shafi irin wannan.

Ka ware tag biyu ko uku ka ɗaure su dindindin a wuraren da ka auna, a jikin ginshiƙi misali, kada kowa ya taɓa su. Ka sa manhajar ta dinga duba su kullum. Ranar da ɗaya ya matsa da rabin mita alhali yana nan a ɗaure, toh ko mai gyaran wuta ya bugi loketa da tsani ko an kafa sabuwar kantar ƙarfe a kusa, sai ka duba wane loketa ne kusurwarsa ta canza ka sake masa awo shi kaɗai.